Yadda zaka je ka ga tsakar tsibirin Union ba tare da ka rusa mata gida ba

Na san da yawanmu da an ce tsaka abinda ke fara zuwa mana a rai shine a miƙo takalmi, haka muka taso, ana ce mana in ta faɗa cikin abinci ko randa shikenan an gamu da ciwo. To wannan da zan yi magana a kanta daban take da waccan ta bangon ɗaki, bata shiga gida, bata zuwa gindin fitila cin ƙwari, bata da dafi, kuma duk faɗin duniyar nan wuri ɗaya tak Allah Ya ajiye ta, wani ɗan daji a kan gangaren dutse a tsibirin Union, cikin ƙasar Saint Vincent da Grenadines a yankin Karibiyan. Dajin nan duka-duka bai wuce hekta 50 ba, wato kamar filin ƙwallo 70 in ka jera su. In wannan dajin ya tafi to ita ma ta tafi kenan, babu wani wurin da za a je a ɗebo wata.

Masana suna kiranta Gonatodes daudini. Sai a 2005 ma aka rubuta ta a ilimance, wasu masana biyu Robert Powell da Robert Henderson suka yi bayaninta bayan wani limamin coci ɗan ƙasar mai sha'awar halittu, Mark de Silva, ya gano ta, aka saka mata sunan Jacques Daudin, wani dattijo da ya daɗe zaune a tsibirin yana nazarin tsirrai da dabbobinsa. Ka duba fa, 2005, jiya-jiya kenan, shi yasa har yanzu abinda aka rubuta a kan rayuwarta ɗan kaɗan ne, kuma shi yasa duk wanda ya samu damar zuwa, ɗalibi ne ko mai yawon buɗe ido, ya kamata ya san yadda zai taka wurin.

Kafin komai ka fara sanin me kake nema, don in baka sani ba zaka wuni kana bin wata halittar daban. Jikinta in ka cire wutsiya bai wuce santimita 3 ba, tsinken ashana ya fi shi tsawo, zata zauna daram a kan babban yatsanka har da sauran fili. In tana cikin duhun maɓoyarta launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, ba zaka ce wani abu ba ne, amma da haske ya sauka a kanta sai ka ga a hankali launuka suna tasowa, kore-kore a wajen kai, ruwan lemo, sannan ga wasu ɗige-ɗige farare a gadon baya kowanne an zagaye shi da baƙi an sake zagayewa da ja, kamar idanuwa, kamar aikin mai ɗinkin hula da ya zauna ya natsu. Ƙwayar idonta zagayayya ce kuma kewayen idon ja-ja ne, saɓanin tsakar gida mai ido a tsage irin na kyanwa da rana. Sannan ka dubi ƙafa, tsakar gida tana da faffaɗan yatsu masu mannewa shi yasa take tafiya a silin, ita wannan yatsunta sirara ne masu farce, a ƙasa take harkarta, cikin busassun ganye da tsagar dutse da ƙarƙashin ruɓaɓɓen gungume.

Abin da zai baka mamaki, tsakar da zaka gani a bangon masaukinka da daddare a can ɗin 'yar Afirka ce, Hemidactylus mabouia, asalinta daga nahiyarmu take, jiragen ruwa suka tsallaka da ita. Kar ka ɗauki hotonta ka ce ka ga abinda ka zo nema. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiya a cikin ganyen dajin, Sphaerodactylus kirbyi, ita ma ƙarama ce sosai amma bata da waɗannan ɗige-ɗigen masu ja da baƙi.

Maganar zuwa kuma, tsibirin ƙarami ne, murabba'in kilomita 9 ko ƙasa da haka kaɗan, mutanensa wajen 3,000, garuruwa biyu ne, Clifton da Ashton. Ana shiga ta jirgin ruwa daga Kingstown babban birnin ƙasar, ko ta ƙaramin jirgin sama da ke sauka a Clifton. Turanci suke yi. Dajin yana yamma, saman wani gaɓar teku da ake kira Chatham Bay, kuma ana isa can ta ƙasa ko a kwale-kwale mai inji. Ka lura da lokaci, daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, daga Janairu zuwa wajen Mayu kuma rani ne, tafiya ta fi sauƙi amma ƙasa ta bushe, ita kuma tsakar takan ƙara nutsewa can cikin tsaga inda akwai ɗan danshi. Ni a ganina gara ka sha wahalar nema da rani da ka je ka maƙale a tsibiri lokacin guguwa, domin abinda ya faru ranar 1 ga Yuli 2024 ba wasa ba ne, guguwar Beryl ta bi ta kan Union ta lalata wajen kashi 90 cikin 100 na gidajen, ta kakkaɓe ganyen itatuwa ta karya na karyawa. Ka riƙe wannan a ranka in ka je, mutanen da zasu yi maka jagora suna cikin waɗanda abin ya shafa, kar ka tsaya kana ja-in-ja da su a kan kuɗin rakiya.

Wannan ya kawo mu babban sharaɗi, kar ka kuskura ka shiga dajin nan kai kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari. Akwai ƙungiyar 'yan tsibirin mai suna Union Island Environmental Alliance, su ke da masu gadin dajin da ke sintiri tun wajen 2017 tare da Sashen Gandun Daji na gwamnatin ƙasar, da tallafin ƙungiyoyin kare halittu irin su Fauna & Flora da Re:wild. Ka tuntuɓe su tun kana gida, ka faɗa musu ko kai waye da abinda ya kawo ka, in kallo ne kawai ka ce kallo ne, in bincike ne na makaranta to sai ka nemi izini a rubuce daga Sashen Gandun Daji tun watanni kafin tafiyar, kar ka bari sai ka sauka. Dokar kare namun daji ta ƙasar ta hana kama ta, kuma baƙon da aka gani shi kaɗai yana ɗaga duwatsu a wannan gangaren ba wanda zai ɗauke shi mai yawon shan iska, ɓarawo za a ɗauke shi, kuma suna da dalili.

Dalilin kuwa shine abinda ya faru bayan an sanar da duniya labarinta. Hotunanta na fita masu tara dabbobin ƙawa a Turai da Amurka suka ce sai sun mallake ta, aka fara shigowa ta teku ana hawa gangaren ana kwasa, kuma ba kwasar kaɗai ba ce ɓarnar, yadda ake kwasar ne, a birkice duwatsu, a farfasa gungume, a rushe suri, a bar wurin kamar an yi yaƙi. Zuwa 2018 a wuraren da ƙafa ke iya kaiwa cikin sauƙi yawanta ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Abin ya zama ƙadangaren bakin tulu ga masana, in sun yi shiru ba wanda zai taimaka a kare ta, in sun yi magana sun nuna wa ɓarayi hanya. A 2019 a taron Jeneba aka saka ta a rukunin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji da ke fuskantar ɓacewa, wato an haramta cinikinta tsakanin ƙasashe kwata-kwata, ga kuma sintiri dare da rana, sai ƙidaya ta nuna daga wajen 10,000 a 2018 ta koma wajen 18,000 a 2022. Wannan ƙaruwar guminsu ce, mutanen ƙauye ne da suka tsaya a kan abinsu, kuma wallahi duk lokacin da na tuna sai na ji sun burge ni.

To ka samu ɗan rakiya, ranar ta zo. Tun a masauki ka wanke takalminka tas, ka goge ƙasan da buroshi, ka zazzage jakarka ka duba aljihunanta. Wani zai ce wannan ai tsanani ne, to ka tambayi abinda ya faru a tsibirin Kirsimeti na Ostareliya, wani ɗan maciji ya shigo musu cikin kayan jirgin ruwa a shekarun 1980, zuwa 2012 tsakar Lister da babu ita ko'ina sai can ta ɓace daga daji gaba ɗaya, sai waɗanda ake kiwo a keji suka rage. Halittar tsibiri haka take, bata saba da baƙon abokin gaba ba, 'yan tururuwa a jakar biskit ko irin ciyawa a igiyar takalmi sun isa su zama masifa. Ka sa takalmi mai rufi da dogon wando, ka ɗauki ruwa mai yawa don gangaren yana da tsayi ga zafi, in zaka shafa maganin sauro ka shafa a wuya da ƙafa ka wanke hannunka bayan nan. In ta bakin teku kuka bi ka kiyayi wata bishiya da ake kira manchineel, 'ya'yanta kamar ƙananan tuffa kore masu ƙamshi, guba ce, ruwan jikinta yana ƙona fata, ko ruwan sama ake kar ka fake a gindinta.

Cikin dajin kuma ƙa'ida ta farko ita ce ka taka inda ɗan rakiyarka ya taka. Busassun ganyen nan da kake gani a ƙasa kamar shara, a wajenta nan ne kasuwa nan ne ɗaki, a ciki take farautar ƙananan ƙwari, a ciki take samun danshi. Da rana take harkarta, don haka ba sai ka zo da tocila tsakar dare ba, safiya kafin rana ta yi zafi ta fi. Ku samu gindin wani babban dutse mai tsaga inda ganye ya taru, ka tsuguna, ka yi shiru, ka bar idonka ya saba da wurin. Minti goma na farko ba zaka ga komai ba sai ganye, daga nan ido zai fara rarrabewa, ga tururuwa ga gara ga ɗan gizo-gizo, in da rabo sai ka ga wani ɗan abu ya motsa a bakin tsaga, ya tsaya cak, ya ɗaga kai, sannan ya sake matsawa kaɗan. Kar ka zabura, kar ka nuna da yatsa kusa, inuwar hannunka kaɗai ta isa ta mayar da ita ciki kuma ba lallai ta sake fitowa ba ranar.

Yanzu maganar ɗaga dutse, nan ne nake so in daɗe don nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. Ƙarƙashin dutsen da ya shekara a wuri ɗaya akwai sanyi da danshi da ba a samu a waje, gefensa ya manne da ƙasa ya toshe iska, akwai 'yan ramuka da ƙwari suka haƙa. Ita kuma wannan tsakar saboda ƙanƙantarta ruwan jikinta saurin ƙafewa yake, an auna an ga haka, don haka wannan danshin shine ranta. Ka ɗaga dutsen ka ajiye shi a karkace ko a kife, iska ta shiga, kwana biyu wurin ya bushe, ka kashe gida ɗaya ko da baka taɓa mai gidan ba. Ina yaro na taɓa ɗaga wani tsohon bulo a bayan gidanmu na tarar da ƙwan tsaka guda biyu farare ƙal kamar ƙananan duwatsun wuya, na gama kallo na tafi na bar bulon a gefe, da na dawo da yamma rana ta gasa wurin tururuwa sun baibaye su, ɗaya ma ya fashe. Waccan tsakar gida ce da ke ko'ina, amma har yau ina ganin wurin a idona. Ita ta Union danginta ƙwai ɗaya tak suke sakawa a lokaci guda, mai ɓawo mai tauri, a irin waɗannan maɓoyan, kaga kenan asarar ƙwai ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka in kai ɗan kallo ne kar ka ɗaga komai, ko dutse ko gungume ko ɓawon itace, suri kuwa ko kusa kar ka taɓa shi. In mai gadin ya ga ya dace ya ɗaga maka ɗaya shi ya san wanda zai ɗaga. In kuma kai mai bincike ne da izininka a hannu, to ga yadda ake yi, ka fara duban yadda dutsen ya zauna ka riƙe a ranka ko ka ɗauki hotonsa, ka kama gefen da ke nesa da kai ka ɗago shi zuwa wajenka yadda dutsen zai zama garkuwa tsakaninka da duk abinda ke ƙasa, don akwai kunama da manyan shanshani da gizo-gizo, ka duba da sauri, daƙiƙu kaɗan. In akwai tsaka a wurin kar ka mayar da dutsen a kanta, nauyin da kai baka ji ba ita zai murƙushe ta, ka bari ta matsa gefe da kanta, ka mayar da dutsen daidai cikin gurbinsa fuskar da ke ƙasa ta koma ƙasa, ka tura ƙasa da ganyen da suka zame su koma gefensa, ita zata sake shigewa. Dutsen da ya fi ƙarfin hannu ɗaya ka barshi, don ba zaka iya sauke shi a hankali ba.

Kar ka kama ta. Na san hoton da kowa ke so shine tana zaune a kan yatsa, amma tafin hannunka zafi ne da gishirin gumi, ga fatarta siririya, ga shi in ta tsorata sai ta yar da wutsiya, wutsiyar kuwa nan take ajiye kitsen da zai kai ta ƙarshen rani, zata sake fitowa amma sai ta ci wuya. Masu auna su da aka horar suna da yadda suke yi cikin ɗan lokaci su sake ta a inda suka ɗauke ta, kai naka ido ne.

Hoto kuma ka ɗauka daga ɗan nesa ka jawo da kyamara, ka kashe filasha. Amma abinda yafi wannan muhimmanci, kafin ka bar masauki ka shiga saitin wayarka ka kashe wurin da kyamara ke liƙa wa hoto bayanin inda aka ɗauke shi, domin hoton waya yana tafiya da lambobin taswira a ɓoye cikinsa, wanda ya iya zai ciro su ya zo har gindin dutsen. In zaka saka a Facebook ko Instagram ka ce tsibirin Union kawai ya isa, kar ka nuna hanyar da kuka bi, kar ka ɗauki wani dutse ko bishiya da za a gane wurin da ita. Mai saka bayanai a iNaturalist, shafin da ake ɗora hotunan halittun da aka gani da inda aka gan su, ya tabbatar wurin a ɓoye yake.

Ga ɗalibin da ya je ƙidaya, ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, kar ka zagaya ka dawo ka ce suna da yawa ko sun yi kaɗan. Yadda aka saba a irin wannan aikin shine a auna fili ƙarami a san faɗinsa, a san mutum nawa suka duba shi kuma minti nawa, a rubuta komai a wurin ba sai an koma gida ba, ƙarfe nawa, an yi ruwa jiya ko ba a yi ba, inuwa ce ko rana, a kan me aka ganta, dutse ko gungume ko ganye, kaurin ganyen ya kai yaya, babba ce ko ƙarama, wutsiyarta ta asali ce ko sabuwa. Filin da baka ga komai ba shi ma ka rubuta shi, wannan sifilin yana da daraja daidai da sauran, da shi ake gane inda bata zama da dalilin da ya sa. Ka rubuta alamun kashin akuya da sawun kyanwa in ka gani, don su ma matsala ne, a tsibiran nan akwai al'adar sakin dabbobi da rani su nemi abinci da kansu kamar yadda muke yi bayan an kwashe amfanin gona, akuya ta cinye ƙananan tsirrai ƙasa ta zaizaye, kyanwar da ta koma daji kuma ba abinda take bari. In ka gama ka bar wa masu gadin da Sashen Gandun Daji kwafin duk abinda ka rubuta kafin ka hau jirgi, bayanin dajinsu ne.

Ko baka ganta ba ranar, dajin ba zai barka hannu rabbana ba, akwai wata iguwana mai ɗan ƙaho a hanci da jiki mai ruwan hoda-hoda, babban ƙadangare ne kamar damo, ita ma sai a tsibiran Grenadines ake samunta kuma ita ma ɓarayi na bin ta, akwai kunkuru mai jan ƙafa, akwai wani gizo mai sheƙi da ke zama a jikin itace. Kar ka matsa wa ɗan rakiyarka ya yi ta birkita wuri don kawai kar ka koma baka gani ba, in ya ce a tashi a tashi, ku sake dawowa washegari da sassafe.

Mu kuma da yawancinmu ba zamu taɓa taka Union ba, akwai namu. In kana cikin zaurukan masu kiwon dabbobin ƙawa a intanet, musamman 'yan'uwa mazauna Turai, ka ga an saka wannan tsakar ana talla, sau da yawa zasu rubuta wai a keji aka haife ta. Gwamnatin ƙasar bata taɓa bada izinin fitar da ita don kasuwanci ba, don haka ko a keji aka haife ta iyayenta sato su aka yi. Kar ka saya, kar ka tsaya musu da mai tallan don goge shafin zai yi ya koma wani wuri, ka ɗauki hoton tallan yadda sunan shafin da kwanan wata zasu fito, ka tura wa hukumar da ke kula da CITES a ƙasar da kake zaune, kowace ƙasa da ta sa hannu tana da irin wannan ofishin, sannan ka tura kwafi ga ƙungiyar can ta Union don su san ta wace hanya kayan ke fita.